Daren da na kai fawa-banki jin ɗumi

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin Disamba ba, kada ya zo yana ba ni labarin hunturu. A Unguwar Rogo muke, inda da asuba mutum kan tsaya yana hararar butar alwala kamar ta ci masa bashi. Da abin ya ishe ni na sayo 'yar hita mai aiki da gas, muka girke ta a falo.

Ina da fawa-banki mai 20,000mAh wanda nake ji da shi fiye da wayar kanta, don in an ɗauke wuta shi ne gatana. Tun da sanyi ya kankama na ga caji ba ya zama a cikinsa. Wani abokina ya ce ai batirin litiyam ba ya shiri da sanyi. Gaskiya ya faɗa, ni ne na ɗauki rabin karatu na cike sauran da kaina: tunda sanyi ne cutar, ɗumi ne maganin.

Bayan isha'i na zura shi cikin tsohuwar safa, na ɗora a kan kujera 'yar tsugunno, bai fi taku ɗaya da hitar ba. Da aka kawo wuta ma na jona masa caji, don ya ci ya ƙoshi cikin ɗumi.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Ummi, baƙo muka yi ne?"

Na ce, "Ke dai bar wa masu ilimin kimiyya abinsu."

Na zauna kallon ƙwallo. Da aka tashi na miƙa hannu zan ɗauka, sai na sake shi ba shiri, kamar na taɓa dankalin da aka tono daga toka. Na zare safar da mayafin uwargida, ita ma ban tambaye ta ba. Ga fawa-banki ya tashi kamar fanke, har murfinsa ya ɗaga. Nan ilimina ya sake motsawa. Na ce iska ce ta taru, a miƙo mini allura in sace ta.

Ba ta ce uffan ba, sai ta buga wa ƙanenta mai gyaran waya a kasuwar Taminus, ta sa a sifika.

"Yaya, don girman Allah kada ka huda shi! Kashe hitar tukuna, ka cire cajin, ka fitar da shi waje."

Sai yaron da na saya wa rigar makaranta ya zauna yana karantar da ni. Ya ce batirin ya fi son digiri 20 zuwa 25, yi masa caji sama da 45 zalunci ne, in ya doshi 60 kuma sinadarin ciki ya fara lalacewa yana fitar da iska, kumburin ke nan. A ciki wata leda ce siririya ta raba ɓangarori biyu. Allura ta ratsa ta sai su haɗu, wuta ta tashi mai ciyar da kanta.

"Ka manta wayar Galaxy Note 7 a 2016, da Samsung ta janye ta har aka hana hawa jirgi da ita? Su ko tukunyar gas ba su ajiye kusa ba. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda ka ajiye mutumin naka."

Na ce dama gwaji nake yi. Ya ce, "To Yaya, Allah Ya ba da sa'a."

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, cikin sanyin nan da nake gudu, ina tsugune a bayan gida da cebur ina binne fawa-banki a bokitin ƙarfe cike da yashi, kafin yaron ya zo ya ɗauke shi. Kwana uku ke nan bai zo ba. Kullum da safe, in uwargida ta kawo mini koko, sai ta tambaye ni ko shukar tawa ta tsiro.