Ba sunan kamfani ke sa bututu a maƙogwaron jariri ba

Abin da ya ishe ni shi ne yadda muhawara kan na'urar leƙa maƙogwaro mai kyamara, wadda likita ke amfani da ita wajen sa bututun numfashi, ta rikiɗe ta zama gasar kamfanoni. Yau a ce C-MAC ta doke GlideScope, gobe a ce McGrath ta riga su da 'yan daƙiƙoƙi. Wasu gwaje-gwajen ma a kan 'yar tsana ake yin su, sannan a tallata sakamakon kamar an gano wani abin kirki.

'Yar tsana ba ta shiɗewa. Jaririn da aka yi wa allurar barci kuwa, jikinsa na shan oksijin kusan ninki biyu na babba idan aka auna da nauyinsa, ga ajiyar iskar huhunsa 'yar kaɗan, ga harshe ya cika baki. Duk lokacin da aka zare na'ura aka sake turawa, haɗari ƙaruwa yake yi. Don haka tambayar da ta dace ita ce: bututun numfashi ya shiga a karon farko ko bai shiga ba?

An kuma amsa ta. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020, kan jarirai fiye da 500 a Amurka da Ostareliya, ya nuna an dace a karon farko kashi 93 cikin 100 da kyamara, kashi 88 da tsohuwar hanyar leƙawa da ido. A jariran da ba su wuce kilo 6.5 ba, tazarar ta buɗe: 92 da 81. Karkacewar bututu zuwa hanyar abinci ma ta ragu. Masu cewa gwani ba ya buƙatar kyamara, su faɗa wa iyayen waɗannan ƙananan.

Inda ya kamata a tsaya a kwatanta shi ne siffar harshen na'urar, wato ɓangaren da ake turawa cikin baki, kuma nan ne masu gasar ke tsallakewa. Harshe mai lanƙwasa sosai yana nuna ƙofar maƙogwaro tangaran a allo, amma gani daban, shigarwa daban. Sai likita ya lanƙwasa bututun ya bi kwanar da hannunsa bai saba da ita ba, cikin bakin da yatsa biyu sun cika shi. Bayanan da aka tara kan yara masu wuyar sa bututu sun nuna cewa a ƙasa da kilo 5, a cikin na'urori masu kyamara, harshe mai siffar da aka saba da ita tun a tsohuwar hanya, irin Miller ko Macintosh, ya fi nasara nesa ba kusa ba. Shi ne kuma ƙa'idojin da ƙwararrun Turai suka fitar a 2024 suka ce a fara da shi, tare da ci gaba da bai wa jaririn oksijin ana cikin aikin.

Abin takaici ne asibiti ya sayi na'ura don kyawun allonta, a kulle ta a kabad sai ranar da abu ya kwaɓe, sannan a miƙa wa wanda bai taɓa riƙe ta ba. A fito da ita, a yi aiki da ita kullum, malami da ɗalibi suna kallon allo ɗaya.