Yadda na gyara wa Rommel rubutunsa

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ko taya ce ta fashe a titi sai na nemi maɓoya, amma shekara biyu da suka wuce aka jarrabe ni da son takardun sojoji. Ba kowace takarda ba, wadda wani babban janar ya sa wa hannu da kansa. Wani shirin talabijin na kalla a kan Yaƙin Duniya na Biyu, aka nuna wani mutum sanye da farar safar hannu yana ɗaga wata tsohuwar wasiƙa kamar jaririn da aka haifa yanzu, aka kuma faɗi abin da aka saye ta a gwanjo. Daren nan ban yi barci ba. Na ce wa uwargida na samo sana'ar da ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar firji, kayanta ba sa ruɓewa, kullum ma ƙara daraja suke yi. Ta dube ni ta ce, "Maigida, irin wannan maganar ka yi lokacin kiwon zomo."

Na fara da Eisenhower, janar ɗin Amurka da ya jagoranci dakarun ƙawance. Takardar jawabin da ya yi wa dakarun ƙawance ce kafin su sauka a gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, ga sunansa a ƙasa raɗau. Mako guda ina nuna wa duk wanda ya shigo gidana, har da mai gyaran famfo. Sai daga baya na karanta cewa an buga takardar an raba wa sojoji kimanin 175,000, kuma sa hannun ma injin ɗab'i ne ya buga shi tare da jawabin. Da hankalina yana jikina ai da na tambayi kaina, mutumin da yake shirin tsallaka teku da runduna, ina ya ga lokacin zama yana sa hannu sau dubu ɗari da saba'in da biyar? Tawa ma ba ta 1944 ɗin ba ce, hotonta ne aka sake bugawa. Na sa ta a ƙasan akwati, na ce faɗuwar farko ai kuɗin makaranta ne.

Daga nan na ɗauki kaina gwani. Na kuma yanke shawarar in haɗa abokan gaba biyu a bango ɗaya: Montgomery na Birtaniya da Rommel na Jamus, waɗanda rundunoninsu suka gwabza a Al-Alamain, cikin hamadar Masar, daga 23 ga Oktoban 1942 zuwa farkon Nuwamba. In rataye su suna kallon juna, ni kuma ina zaune a tsakiya kamar mai sasanci.

Montgomery bai ba ni wahala ba. Wani mai sayarwa a intanet, wanda ya riƙa kirana "babban masani" tun saƙonmu na biyu, ya turo mini hoton wata wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan Nuwamban 1942. Takarda fes, gefenta ya yi ɗan ruwan ƙasa daidai yadda ido yake so, sa hannu kuwa da shuɗin biro, manya-manyan baƙaƙe: "Montgomery of Alamein". Har da takardar shaidar inganci mai hatimin zinare. Ya ce wani a Kanada yana nema, amma jininsa ya fi haɗuwa da nawa. Ni kuwa wa zai bari a ƙwace masa rabo? Na tura abin da na tara don gyaran mota, na ci gaba da tura motar kowace safiya.

Rommel ne ya ɓata mini rai. Shi daga wani gidan gwanjo na gaske na saye shi, da rasit da bayanin hannuwan da takardar ta bi. Da ta iso na buɗe, sai gabana ya faɗi. 'Yar takardar aiki ce ta 1941, an buga ta da tafireta da Jamusanci, ga hujin fayil biyu a gefe, ga tabon tsatsa inda ƙusar takarda ta kwana shekaru. Sa hannun kuwa da fensir! Ya dishe, sai ka karkata ta wajen taga kafin ka ga wani abu kamar sawun kiyashi. Na ajiye ta kusa da ta Montgomery, sai ta zama kamar almajiri a gefen ango. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wannan ce ta cinye kuɗin labule?"

Zuciyata ta ce ai abin gyaruwa ne. Na sami biro baƙi mai kyau, na gwada shi a bayan kalanda, na ja numfashi, na bi sawun fensirin nan a hankali tun daga R har zuwa l. Wallahi hannuna bai yi rawa ba. Inda wutsiyar sunan ta ɓace ma na ƙarasa masa ita da ɗan lanƙwasa. Sannan don kada danshi ko yara su taɓa ta, na sa aka yi mata laminatin. Ta fito tana ƙyalli kamar katin shaida.

Bana buƙata ta taso, na ce lokacin girbi ya yi. A cikin masu wannan harka da muke gaisawa akwai wani dattijo da ya fi shekara 40 yana sayen irin waɗannan takardu, kowa yana jin maganarsa. Muka haɗu ta kiran bidiyo. Na sa babbar riga, uwargida ta zauna a gefe inda kyamara ba ta kai ba, wai tana ninke kaya.

Na fara ɗaga masa Montgomery, don kowa da babban sansa yake buɗe kasuwa. Ya gyara tabarau, ya ce in matso da ita.

"Ɗana, wace shekara aka rubuta a sama?"

"1942, Baba."

"To mutumin nan sai a 1946 aka ba shi sarautar da ta sa yake rubuta 'of Alamein'. A 1942 'B. L. Montgomery' yake sa hannu. Sai dai in duba yake yi."

Na ce wataƙila ya ji a jikinsa. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni da me aka yi rubutun, na ce da biro. Ya ce shi wannan alƙalami sunan wanda ya ƙirƙiro shi ya ci, Laszlo Biro ɗan ƙasar Hangare, kuma bai bazu a kasuwa ba sai 1945. Sannan ya ce in kashe fitila in haska takardar da tocilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi. Na haska. Takardar ta ɗauki walƙiya kamar farar rigar da aka sa wa bula. Ya ce sinadarin da ke sa takarda wannan haske sai a shekarun 1950 aka fara zuba shi, tsohuwar takarda dishi-dishi take zama. Ruwan ƙasan gefen kuma, in na sansana zan san abin da aka jiƙa ta da shi.

Na ɗauko makamina na ƙarshe, takardar shaida mai hatimin zinare. Ya ce in karanta sunan wanda ya sa mata hannu. Na karanta. Mai sayarwar ne. Wato ɓarawo ne ya ba kansa shaidar kirki, ni kuma na biya kuɗin hatimi.

Da ya ga na yi laushi sai ya shiga lallashina. Ya ce wannan harka kamar ruwaya ce, ana duba isnadi: wa ya karɓa daga wa, har a kai ga mai alƙalamin. Ya ce kada in kashe kaina, manya ma sun faɗa. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta zuba Mak (kuɗin Jamus na lokacin) miliyan 9 da 'yan kai a kan littattafai wajen 60 da aka ce kundin sirrin Hitler ne, har masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya fara gaskata su, ashe wani Konrad Kujau ne ya zauna ya rubuta abinsa. A bangon ma harufan FH ya manna maimakon AH na Adolf Hitler, aka kuma saya a haka. Na ɗan ji sanyi. Ashe layin da na shiga akwai masu digiri a gaba.

"Sai ɗayar," in ji shi. "Ka ce daga gidan gwanjo take?"

Na karanta masa rasit da bayanin. Nan take fuskarsa ta washe, ya gyara zama. Ya ce Rommel sau da yawa da fensir yake sa hannu a takardun aiki, hujin fayil da tsatsar nan kuwa su ne adonta, kada in kuskura in goge komai. Ya ce in dai yadda aka bayyana take, shi da kansa zai saya yau, kuma za ta rufe mini asarar sauran biyun har in gyara mota.

Na ji uwargida ta daina ninke kaya.

Na ɗaga ta a hankali. Hasken fitila ya daki robar ya koma masa ido. Ya matso, ya ja baya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Shirun ya yi tsawo har na zaci intanet ce ta yanke.

"Ɗana, wannan baƙin rubutun fa?"

"Dishewa ya yi, Baba, shi ne na ɗan taimaka masa."

"Robar kuma da zafi aka manna ta?"

"Da zafi, Baba. Ko ruwa ba ya shiga."

Ya yi salati a hankali. Na tambaye shi ko za a iya ɓare ta. Ya ce ana iya gwadawa, amma gam ɗin ya riga ya shiga jikin takardar, kuma ko an ɓare, biron nan ya zauna ke nan. Na ce to yanzu nawa za ta yi? Ya ce ai sai in fara gaya masa nawa ake sayen sa hannuna, don shi ne a sama.

Da muka yi sallama na zauna riƙe da ita ina kallon wutsiyar da na ƙarasa wa Rommel, wadda har yanzu nake ganin ta yi kyau. Uwargida ta karɓa, ta juya gaba ta juya baya, ta share ta da gefen mayafi.

"Maigida, kada ka damu," ta ce. "Wannan kam isnadinta ba shi da rauni. A gabana ka rubuta."