Yadda dutsen Olimfos ya yaga min wando

Kun dai san malaminmu Dokta da dokarsa: ranar gabatar da aiki ba kaftani, sai shet da wando irin na ma'aikatan banki. Ni ba ni da su, na ari na Siriri. Rukuninmu aka ba tsohuwar Girka, mu biyar a takarda, ni kaɗai a gaban allo. Wuta ma babu, sai alli.

Da farko abin ya yi kyau, wallahi. Na zana taswira, na ce kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Girka duwatsu ne, shi ya sa kowane kwari ya zama gari mai cin gashin kansa, da dokarsa da sojojinsa. Sparta na zaune a kwarin kogin Yurotas, tsaunuka sun tsare ta, har ta daɗe ba ta ga amfanin ganuwa ba. Atina kuwa ƙasarta ba ta wadatar da ita da hatsi, sai zaitun da inabi, dole ta hau teku ta sayo alkama daga gaɓar Bahar Aswad. Dokta na gyaɗa kai. Ni da kaina na fara jin daɗin muryata.

Sai ya ce, "Ina Olimfos?"

Olimfos yana arewa, can ƙuryar saman allo, ni kuma kun san tsayina. Na yi ɗage, alli bai kai ba. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan benci, na miƙe, ina cewa "mita 2,917", ban rufe baki a kan bakwai ɗin ba sai ji na yi kyaaat! Ba irin yagewar da mutum zai rufe da tari ba ce. Doguwa ce, mai mataki biyu: ta yi rabi ta tsaya, ta huta, sannan ta ƙarasa. Na ji iska ta shigo ta inda ba a yi mata ƙofa ba. Ƙafata na kan benci, hannuna na sama, bayana na kallon aji cike da mutane, kuma gajeren wandon da ke ciki shi ne mai ruwan ɗorawar nan da kuke yi min tsiya a kansa.

Aji ya yi tsit. Da an bar shi haka da na tsira da ɗan mutuncina. Amma Hajiyar sahun gaba, wadda ta dawo karatu bayan ta aurar da 'ya'ya, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, ɗan nan, ka tsiraita!" Wai tausayi ne. Matar nan tun shekarar farko take haka. Ita ce ta taɓa tambayata a gaban 'yan mata ko ina cin abinci kuwa, ita ce kuma ta ɓatar min da littafin rubutu ta biya ni da dambun nama. Ranar ma jakarta ta buɗe tana lalube, tana faɗi da ƙarfi wai tana da allura amma zaren fari ne.

Na juya na manna bayana da allo. To Kirit tsibiri ne a kudu, ƙasan taswira, daidai inda ɓarnar ta auku. Dokta, ko murmushi babu, ya ce, "Matsa mu ga Kirit."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Kirit tana nan lafiya."

A haka na yi bayanin mutanen farko, a manne. Minowawa na Kirit da fadarsu ta Nosos, wadda Arthur Evans ya fara haƙowa a 1900, masu jiragen ruwa da ke fatauci har Masar. Sai Maisiniyawa na babban tudu, mayaƙa masu gina ganuwa da manyan duwatsu, waɗanda a 1952 Michael Ventris ya gano rubutunsu Girkanci ne, kuma fadojinsu suka rushe wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Duk inda zan nuna sai in jefa hannu ta saman kafaɗa in yi addu'a. Da na zo kan Sairin, garin da mutanen tsibirin Tera suka kafa a gaɓar Libiya, ashe ƙofar aji nake nunawa.

Da na gama na fita a kaikaice kamar ƙaguwa, Kirit ɗungurungum ta bi ni a bayan wando, fari fes a kan baƙi. Allo kuma ba Kirit.

An ba mu maki ɗaya mu biyar, har da wanda ya tafi bikin ƙaninsa. Siriri ya ce shi ba ya karɓar ɗinki, sabo yake so. Muna nan muna magana.