Mutum bakwai da ke riƙe da wuyan wanda ake tuhuma a Gana

Jama'a, tun da aka yanke hukunci a shari'ar Manjo Maxwell Mahama nake ta juya wani abu a raina. Sojan nan da wasu mutane suka yi wa taron dangi suka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017, sai a Janairun 2024 aka kammala shari'arsa, aka samu mutum 12 da laifi, aka sallami 2. To, ba alƙali ne ya ce sun aikata ba. Mutum bakwai ne, 'yan ƙasa kamar ni da kai, masu taya alƙali yanke hukunci, suka zauna shekara da shekaru suna sauraron shaidu.

Su wa ake ɗauka a wannan aiki? Dokar shari'ar laifuka ta 1960 ta ce duk mazaunin Gana daga shekara 25 zuwa 60, amma da sharaɗi: sai mai jin Turanci. Sannan an ɗauke wa alƙalai da lauyoyi da likitoci da 'yan sanda da sojoji da shugabannin addini wannan nauyi. Wannan ban ja ba. Ɗan sandan da abokin aikinsa ya yi kamen ai bai kamata ya zauna ya auna shaidarsa ba, likita kuma majinyata na jiransa.

Sharaɗin Turancin ne ke min ciwo. Ka je unguwar Nima a Accra ko zangon Kumasi, ka ga dattijon da ya shekara talatin yana sasanta rigimar gado da ta aure, mai gane maƙaryaci tun kafin ya rufe baki. Ko hajiyar da ke riƙe da adashin kasuwa, ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai a hannunta ba. Doka ta ce ba su cancanta ba. Amma idan ɗansu ne a gaban kotu, sai a kawo tafinta ya fassara masa. Ashe ana iya fassara wa wanda ake tuhuma, mai yanke masa hukunci ne ba za a iya ba?

Na san za a ce fassara na ɓata lokaci, kuma ma'ana na zubewa a hanya. Gaskiya ne. Sai dai shari'ar da ta ci kusan shekara bakwai ba tafinta ne ya ja ta ba.

Ga kuma batun alawus. Masu wannan aiki sun sha yajin aiki saboda an riƙe musu kuɗinsu wata da watanni, shari'o'in kisa suka tsaya cak, waɗanda ake tuhuma na zube a kurkuku. Ma'aikacin gwamnati zai iya jurewa, albashinsa na tafiya. Tela ko mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, fa? Ranar da ya rufe shago, ranar tukunya ba ta hau wuta ba a gidansa.

Matasanmu na zango da suka yi boko, in takardar kira ta zo muku, don Allah kada ku nemi hanyar zillewa. Ku je ku zauna a kujerar da aka hana iyayenku.