Gangaren da aka yi don hoto, ba don yaro ba

Jama'a, akwai wani abu da ya zama yayi a sababbin ajujuwan da ake ginawa a makarantunmu. Za ka ga an liƙa wani ɗan gangaren siminti a gefen baranda, an shafa masa fenti, wai an yi wa ɗalibai masu keken guragu hanya. Ranar buɗe gini a ɗauki hoto, a tafa. Sai dai yawancinsu ko ƙato mai ƙarfi ba zai iya hawa da kansa ba, balle yaro ɗan shekara goma sha biyu da shan inna ta taɓa wa ƙafa.

Lissafin ba shi da wuya. Ma'aunin da masu zanen gini suka amince da shi shi ne duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Barandar aji mai matakala uku, kowacce santimita 15, ta tashi santimita 45 ke nan daga ƙasa. Gangarenta sai ya kai mita 5 da santimita 40. Abin da birkila yake yi kuwa, ya auna mita ɗaya da rabi ya zuba kankare, saboda siminti ya yi tsada, kuma babu wanda ya ba shi awo. Irin wannan, wajen hawa keken yana ɗaga ƙafar gaba ya kife da yaro ta baya, wajen sauka kuma ya kwasa da gudu ya zubar da shi a yashi. Daga ranar da ya faɗi sau ɗaya ba zai sake gwadawa ba, sai dai ya jira abokai su ɗaga shi kamar buhun masara, a gaban 'yan aji, kullum.

Faɗin gangaren kada ya gaza santimita 120. A sama, gaban ƙofa, a bar fili shimfiɗaɗɗe na mita ɗaya da rabi, don yaro ya tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da keken ya zame baya ba. Gefe da gefe a ɗaga ɗan baki kamar santimita 10 don kada taya ta zame waje, a kafa ƙarfen riƙo biyu, ɗaya a tsayin santimita 90, ɗaya ƙasa kaɗan wajen 70. Kuma don Allah a daina sa tayil. Da damina santsi yake kamar an zuba karkashi. Siminti za a zuba, kafin ya bushe a ja tsintsiya a kai ta gicciye, ya yi kaushi.

Ga wani abin da ake mantawa: yaranmu da yawa ba keken asibiti suke hawa ba, keke ne mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda suke ƙerawa. Ya fi tsawo, ba ya juyawa a ƙaramin wuri. Idan an yi gangare mai kwana, sai an faɗaɗa kwanar, in ba haka ba nan zai maƙale. Ƙofar aji kuma ta kai santimita 90. Sannan dokin ƙofar nan da ake ɗagawa don hana ruwa shiga, shi kaɗai ya isa ya ɓata duk aikin.

Amma ni inda abin ya fi ci mini rai shi ne banɗaki. Ku dubi yaron da yake jan jiki da silifa a hannu. Masan makaranta ƙasansa a jiƙe yake, kowa ya san da me. A nan zai sa hannunsa, hannun da zai riƙe biro, ya ci abin tara da shi. Shi ya sa irin waɗannan yara suke ƙin shan ruwa tun safe, har a zafin watan Afrilu, don kada fitsari ya kama su. Ciwon kai da rashin natsuwa su biyo baya, malam ya ce yaro ba ya ja. Yarinya kuwa da zarar ta fara al'ada, haƙurin ya ƙare, sai ta zauna a gida, a rubuta cewa iyaye ne suka cire ta.

Gyaran ɗaki ɗaya ne kacal cikin jerin masan. Ƙofa mai faɗi da take buɗewa waje, domin in ta buɗe ciki keken zai tare ta. A gina mazauni na bulo a kan ramin, tsayin kamar santimita 45, a goge shi da siminti ya yi sumul yadda zai wanku. A kafa fayif a bango don dafawa. Buta da ruwa a inda hannun mai zaune zai kai, sakata ma haka. Ƙasan ya ɗan karkata zuwa magudana don kada ruwa ya kwanta.

Kuma fa wannan ba alfarma ba ce. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta ce jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa ƙa'ida zai iya biyan tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka. An kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Takarda dai tana nan.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. In ajin yaro a bene yake, a sauko da ajin gaba ɗaya ƙasa, a sauya da wani. Haka ɗakin jarrabawa da ɗakin gwaje-gwaje. Aikin firinsifal ne na minti goma.

Ku 'yan kwamitin iyaye da malamai, kafin ku sallami birkila, ku ari keken ɗalibin. Mutum ɗaya cikinku ya zauna a kai, kada kowa ya tura shi, ya taso daga bakin get, ya ratsa yashin filin makaranta, ya hau baranda, ya shiga aji, ya je banɗaki ya rufe ƙofa. Duk inda ya tsaya, a sa alli a yi alama, a riƙe cikon kuɗin sai an fasa wurin an sake.