Ni da hanjin karfasa

Uwargida ta tafi biki Sinnar, ta bar ni da gida a Mai Wurno, nan ƙasar Sudan, ga surukina zai zo cin abincin rana. Na gangara bakin kogi na sayo karfasa biyu, wadda Larabawan nan ke kira bulti. Mai kifin ya ce zai gyara mini, na ce bar shi, kifi ne fa ba raƙumi ba. Gaskiyar magana kuɗin gyaran nake ƙyashi.

Na tsaga ciki, na kamo hanji na ja. Ina ja yana zuwa, ina ja yana zuwa. Kifin da bai fi taƙi guda ba, hanjinsa ya kusa gaba guda, a nannaɗe kamar igiyar guga, ga yauƙi. Na yar da wuƙa na ce wallahi macijin ciki ne, an cuce ni.

Ɗan maƙwabcina mai karatun likitan dabbobi ya leƙo ta katanga, dariya har da riƙe ciki.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Karfasa gansakuka take ci, shi kuwa abincin tsiro sai da doguwar hanya yake narkewa. Hanjinta kan ninka tsawonta sau da yawa. Da giwan ruwa ka sayo, mai cin 'yan'uwansa kifaye, da gajeren hanji za ka gani."

Ya ce yauƙin ma bangon hanjin ne ke fitar da shi don abinci ya sulale, kuma tumbinta tsami gare shi mai tsanani, shi ke fasa gansakukar. Har haƙora gare ta a maƙogwaro, wai. Na tura yatsa don in ƙaryata shi, na ji kaushi, na yi shiru.

"Amma Baba, ka yi hankali da wannan koren ƙullin da ke jikin hanta."

"Wanne? Wannan?" Na latsa.

Matsarmama ce. Ta fashe, ta wanke naman da kore. Na ɗauraye sau uku, na labta tafarnuwa da barkono, na soya.

Surukina ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Can ya sha ruwa ya ce, "Ɗana, yaushe ne ma ta ce za ta dawo?"