Omeprazole ba shi ne abin tsoro ba, shan sa a makance ne

A Sakkwato kowane zafin ƙirji sunansa olsa, maganinsa kuma yana kemis. A ba ka omeprazole, maganin rage tsamin ciki, mai miligiram 20, ka ji sauƙi cikin kwana biyu ko uku, sai ya zama kamar goro, shekara da shekaru ba a fashi. A nan Ingila inda nake zaune ma ana shan sa sosai, sai dai da ranar tsayawa. Ƙa'idarsu ita ce sati 4 zuwa 8, sannan a rage ko a daina, wanda kuma ya zarce da shi a sake duba shi duk shekara. A Amurka wanda ake saye ba takardar likita kwana 14 ne kawai, ba a maimaitawa sai bayan wata 4.

A ganina maganin bai kai munin da ake yaɗawa a WhatsApp ba, wai yana jawo ciwon mantuwa da karayar ƙashi. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake amfani da shi. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2019, na mutum sama da 17,000 da aka bi su kimanin shekara 3 a kan ɗan'uwansa pantoprazole, bai gano ƙarin ciwon mantuwa ko karayar ƙashi ba. Abin da ya fito fili shi ne ɗan ƙaruwar cututtukan hanji.

To, wannan ɗan ƙarin shi ya fi shafar mu. Ruwan tsamin ciki shi ne mai gadin ƙofa, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci da ruwa. Ga Bature mai shan ruwan famfo tatacce, rage tsamin nan ƙaramin abu ne. Ga mai shan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a garin da amai da gudawa ke leƙowa da damina, lissafin ya sha bamban.

Sauran illolin sai an daɗe. Sinadarin magnesiyam yakan ragu a jini, galibi bayan shekara guda, a ga tsukewar jijiya, rawar jiki ko bugun zuciya ba tsari, musamman ga mai shan maganin sa fitsari na hawan jini. Bitamin B12 da sinadarin ƙarfe suna bukatar tsami kafin jiki ya tsotse su, don haka macen da haihuwa ta riga ta rage mata jini sai a lura. Mai shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, bayan ciwon zuciya kuwa ya gaya wa likita, domin omeprazole yana rage masa ƙarfi. Ranitidine dai, wani maganin rage tsamin ciki na daban, an janye shi a Amurka da Turai a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da ake zargi da jawo daji. In akwai tsohon kwali a gida, a jefar.

Babban bambancin shi ne neman dalili. A nan Ingila sukan gwada ƙwayar cutar H. pylori ta bahaya ko numfashi, ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma ta yawaita a ƙasarmu. Maganinta sati 1 zuwa 2 ne, omeprazole safe da yamma haɗe da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu. Amma a dakatar da omeprazole sati 2 kafin gwajin, in ba haka ba sakamako ya ce babu alhali tana nan. Dalili na biyu kuwa da hannunmu muke saye: diclofenac, ibuprofen da piroxicam da ake zubawa cikin haɗin ciwon jiki. A sha mai ƙona ciki da dare, a sha mai kashe wutar da safe.

Da yawa ma ba daidai suke shan sa ba. Minti 30 zuwa awa guda kafin karin kumallo ake haɗiye shi, ba a tauna shi. Da azumi kafin sahur. Wanda ya yi watanni a kai kada ya yanke rana ɗaya, domin tsami zai dawo da ƙarfi na 'yan makonni, ya zaci ciwon ne ya dawo. A koma miligiram 10, ko yau a sha gobe a huta, a riƙa tare zafin da Gaviscon, maganin kwantar da ƙwannafi. Jiƙon kanwa yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma gishirin da ke ciki ba abokin mai hawan jini ba ne. A bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, a ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da bulo kamar santimita 15.

Akwai waɗanda ci gaba da sha ya fi musu alheri: wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini, da dattijon da dole yake shan aspirin kullum. Su kada su daina sai da izinin likita.

Wanda kuwa abinci ke maƙale masa a maƙogwaro, ko yake ramewa ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bahaya kamar kwalta, ya wuce mai kemis. Ya nufi babban asibiti irin na koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ya nemi a leƙa cikinsa da na'ura, domin omeprazole yana iya rufe alamun dajin ciki na watanni.